Mani Wanzami da Rabin Askin Buba

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Sukukutane ya san tsamiyar nan ta bayan turken dabbobi, ya kuma san mutumin da ke shimfiɗa tabarma a gindinta tun da hantsi. Mani Wanzami ke nan. Gajere ne kakkaura, da zanen Arawa a kumatu, shekarunsa sun ba sittin baya. Wanzanci gadonsa ne kaka da kakanni. Rabin mazan garin shi ya yi musu askin suna, shi ya yi musu kaciya, don haka ba mai ɗaga masa murya. Ina mutum zai kai fankama gaban wanda ya san shi tun yana cikin tsumma?

In ya buɗe zabirarsa za ka ga abin da ake gani a zabirar kowane wanzami: asake, da dutsen washi, da ƙahoni huɗu da hannu ya goge har suna ƙyalli. Sai kuma wani abu ɗaya naɗe cikin ƙyallen atamfa, wanda ubansa bai taɓa gani ba balle kakansa. Na'urar awon hawan jini ce mai batir, wadda mutanen wurin ke kira abin tansiyo. Yadda aka yi ta shiga zabirar nan labari ne da Mani ya daɗe ba ya son bayarwa, don ba shi da daɗin ji.

Shekara tara da suka wuce matarsa Hawwa'u ta fara kukan ciwon kai. A ƙeya yake kama ta, wani lokaci da jiri. To, a ƙasarmu in ƙeya ta yi nauyi ba a tambayar kowa, an san jini ne ya taru, sai a kafa ƙaho a zuƙe shi. Ga ta kuwa a gidan ƙaho. Mani ya zaunar da ita a kan turmi, ya kafa, ya tsotsa, ya tsattsaga, ya mayar da ƙahon, sannan ya juye mata baƙin jini guda-guda a kasko ta gani da idonta. Ta ce ta ji sauƙi. Wataƙila ma ta ji ɗin, don in mutum ya ga abin da aka fitar daga jikinsa hankalinsa yakan kwanta. Haka suka yi ta yi shekara biyu cur, Mani yana jin kansa miji na gari, wanda matarsa ba ta zuwa neman magani a waje.

Wata safiya tana tankaɗe sai rariya ta suɓuce mata. Ta kai hannu za ta ɗauka, hannun ya ƙi. Ta buɗe baki za ta kira shi, bakin ya karkace gefe guda, maganar ta fito a dame. Maƙwabta suka cika gidan, kowa da tasa fassarar. Tsofaffi suka ce Doguwa ce ta shafe ta, ai jiya an gan ta ta bi ta gindin kuka da tsakar rana. Aka yi hayaƙi, aka yi shafe-shafe, aka ɗura mata jiƙe-jiƙe. Kwana uku aka ɓata a haka. A na huɗu ɗansu ya iso daga Dosso ya ce shi dai gidan likita za shi da uwarsa, mai fushi ya yi fushinsa. Aka sa ta a mota, aka bi yashin nan har Dogon Dutsi.

Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Raihana ce ta karɓe su, yarinya sa'ar 'yarsa ta biyu. Ta ɗaura wa Hawwa'u abin awo, ta duba, ta sake ɗaurawa. Da ta zo gyara mata kwanciya sai kallabi ya zame, ta ga ƙeyar nan duk tabon tsaga, sabo a kan tsoho.

Ta ce, "Baba, wa yay yi mata wagga tsaga?"

Mani ya ce, da 'yar sauran taƙama a muryarsa, "Ni na, ɗiyata. Wanzami nike."

Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dai zauna ta yi masa bayani a hankali. Ta ce tansiyon matarsa ashirin da biyu ne, alhali na mai lafiya bai kamata ya wuce goma sha huɗu ba. Ta ce ba jini ne ya taru a ƙeya ba, ƙarfin da yake bugun jijiyoyi ne ya yi yawa, shekara da shekaru, har wata ta gaji ta fashe a cikin kai.

"Ko ka cika ƙwarya da jinin ƙaho, Baba, ba ka taɓa ciwon ba. Kuma ba nan ɗai na ba. Duniya duka, ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ya hi kowane ciwo kashe mutane, da mai kuɗi da talaka. Mahi yawa ba su jin komi sai ranad da sunka hwaɗi. Ita ko har ta yi sa'a ta ji ciwon kai. Da an auna ta tun sannan, da ƙwaya guda kullum ta tsare wannan."

Mani ya fita waje ya zauna a gindin bango. Ya dubi hannuwansa, hannuwan da gari duka ke yabo, ya ji ya tsane su.

Hawwa'u ta rayu. Magana ta dawo a hankali, ƙafa tana jan ta da sanda, hannun hagu kuwa ya tafi ke nan. Har yau ba ta taɓa ce masa kai ka ja mini ba, kuma wannan shirun nata ya fi zagi yi masa ciwo. Mutanen gari suka ci gaba da cewa aikin Doguwa ne, shi kuma ya bar su a haka, don bakinsa ya kasa faɗin gaskiyar.

Kwana goma sha tara suka yi a Dogon Dutsi. Mani bai iya zaman banza ba, sai ya riƙa yi wa majinyata da masu jinya aski a inuwar itacen bedi, ba ya karɓar ko godiya. Raihana tana wucewa tana ganin yadda manyan mutane, waɗanda ba sa zuwa likita sai an ɗauko su ranga-ranga, suke layi suna miƙa masa kai kamar raguna. Ranar sallama ta ce masa, "Baba, mu sai mutum ya hwaɗi muke ganinai. Ku ko sau biyu ga wata yana zamne gabanku, lahiyatai lau." Ta ce ta ji ko a wasu ƙasashe masu nisa akwai masu aski da ke auna mutane a shagunansu. Nan ta koya masa: mutum ya zauna ya huta tukuna, a ɗora hannu daidai ƙirji, ba magana, a auna sau biyu. In ya wuce goma sha huɗu yau, ya wuce wani mako, a tura shi likita. In ya kai goma sha takwas, ba a jira gobe. Mani bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma lambobi ya san su tun daga wayar salula. Ɗansa ya sayo masa na'urar, shi kuma ya kafa wa kansa doka biyu: ba zai ba kowa ƙwaya ba don shi ba likita ba ne, kuma ya daina ƙahon ƙeya har abada.

Abin bai zo da sauƙi ba. Wasu suka ce Mani ya tsufa ya rikice, wasu suka laƙa masa Likitan Tsamiya, wasu suka kwashe kawunansu suka koma wajen Umaru, wanzamin da ke ɗaya gefen kasuwar. Mani bai kula ba. Yana da wani makami da likitan gaske ba shi da shi, wato ba a musu da mutum yana riƙe da aska a kanka. Yana aski yana wa'azinsa: a rage gishiri, a rage dunƙulen magi, kanwar nan da ake zabgawa a komai a sassauta, tabar da ake cusawa a leɓe a tofar da ita. Mai kai sai dai ya ce "haka na, haka na," ko ya yarda ko bai yarda ba. A shekarun nan Allah kaɗai ya san yawan waɗanda ya tura gidan likitan garin. Liman yana ciki, da mai shayin tasha, da wata mai ƙosai da ta zo kawo wa mijinta saƙo ya ce ita ma miƙo hannu.

Mutum ɗaya ya gagare shi, shi ne Buba. Bafulatani ne makiyayi, dogo siriri, dattijon ruga mai 'ya'ya da jikoki, shekara talatin ba wanda ke taɓa kansa sai Mani. Tsakanin Ba'are, wato mutumin Arawa irin Mani, da Bafulatani kuwa akwai wasan taubasantaka tun na kakanni: ka faɗa wa ɗan'uwanka duk abin da ka ga dama, ka ƙwace masa abu a bainar jama'a, ba shi da ikon fushi. Su biyun nan sun riƙe wasan da hannu bibbiyu, har ba wanda ya taɓa jin ɗaya ya kira ɗaya da sunansa. Duk sanda Mani ya fito da na'ura, sai Buba ya naɗe hannu cikin riga ya ce shi ba maraƙi ba ne da za a ɗaure.

Bara, ruwan shuka ya sauka, manoma sun yi shuka, lokacin da makiyaya ke kwashe dabbobi su yi nesa da gonaki. Ranar kasuwa sai ga Buba da malafarsa da sandarsa.

"Ba'are, bawan gidanmu, tashi ka gaida ubangidanka!"

"Ka ji ɗan nono. Zamna, kan ga naka ya koma sheƙar ungulu."

Buba ya zauna, amma Mani ya lura da yadda ya dafa tsamiya kafin ya kai ƙasa, ya kuma ga idanunsa sun kaɗa. Ya cire malafa da rawani ya ajiye, ya rage murya.

"Gobe muna tashi da bisashe, can sama, sai kaka in Allah ya kai mu. Ƙeyag ga ta dame ni kwana ashirin, idona na ganin hazo-hazo. Ka kahwa min ƙaho huɗu awa da, kak ka kawo min zancen banza."

Mani ya auna maganar a ransa. Wata huɗu a dajin da ba mota, ba likita, ga mutum da irin ciwon da ya sani sarai. Ya jiƙa kan, ya wasa aska, ya fara daga dama. Sai da ya kwashe rabi tas, daga goshi har ƙeya, sannan ya tsaya.

"Miƙo hannu, in ba haka ba nan aski ya ƙare."

Buba ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, ya miƙa. Na'ura ta kumbura ta sace. Ashirin da ɗaya. Mani ya dakata, ya sake. Ashirin da ɗaya dai. Sai ya naɗe askarsa ya mayar cikin zabira, ya jawo malafar Buba da rawaninsa ya zauna a kansu daram.

"Tashi mu tahi likita. In mun komo in ida maka."

"Kai, Ba'are, bari wasa. Ida min aski, ina da sayayya."

"Ba ni idawa."

Buba ya miƙe da rabin kai fari fes, rabi baƙi ƙirin, ya nufi wajen Umaru. Amma wanzaman kasuwar nan suna da wata ƙa'ida tsakaninsu, ba mai sa aska a kan da wani ya fara. Umaru ya dube shi, ya danne dariya da ƙyar, ya ce, "Baba Buba, kan da Mani ya soma, ni wa?" Kafin ka ce kwabo kasuwa ta ɗauka. 'Yan turke suka bar ciniki, masu fura suna rufe baki da gyale, wani mahaucin banza har da tafi.

Taubashi ba ya fushi, haka aka ce. Amma wanda ya ce haka bai san kunyar dattijon Fulani ba. Buba ya dawo gindin tsamiya, bai dubi Mani ba, ya ɗauki sandarsa kawai ya saɓa a kafaɗa. Ya bar malafar, ya bar rawanin, ya miƙe hanyar ruga da kansa a buɗe, yana tafiya a tsaye kyam kamar ba shi ake wa dariya ba.

Nan Mani ya gane dabararsa ta watse. Ya kunyata aminin shekara talatin a gaban kasuwa, kuma ga shi zai tafi daji da ciwonsa. Ya tashi ko takalmi bai sa ba, ya bi shi da gudu-gudu, ya cim masa a tsakiyar turken shanu inda mutane suka fi yawa.

"Buba!"

Buba ya tsaya cak, don bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba.

"Buba, ba wasa nike ba. Hawwa'u da kake gaisarwa tana jan ƙahwa, kun ce Doguwa ta. Ba Doguwa ba ta. Ni na. Shekara biyu ina kahwa mata ƙaho, nan inda kake so in kahwa maka, ina cewa na yi magani, ciwo na cin ta. Tata lamba da guda ɗai ta hi taka. Ita cikin gida ta hwaɗi, anka samu mota. Kai in ka hwaɗi cikin daji wa ka ɗaukar ka? Shanu? Na lalata guda da hannuna, ba ni iya ta biyu. In ka so ka bar gaisuwa da ni har mu mutu, na yarda, amma mu tahi a duba ka."

Maganar da ya haɗiye shekara da shekaru, wadda ko Hawwa'u bai taɓa faɗa wa ba, ga ta ya zubar a gaban dillalai da masu fura. Wanzamin da ya kushe ƙahonsa da bakinsa a tsakiyar kasuwa ya san abin da ya sayar, kuma Mani ya sani. Wannan ba ƙaramin mutum ke iya ta ba.

Buba ya daɗe yana kallon ƙasa, yana zana ta da bakin sanda. Can ya ce, "Ba ni rawanina."

"Ka tahi?"

"Na ce ba ni rawanina. In shiga gaban likita haka awa mahaukaci?"

Suka tafi tare. Majo, wato babban ma'aikacin gidan likitan, ya auna ya sake aunawa, ya kwantar da shi har la'asar, ya fara masa magani. Ya ce maganar tashi gobe babu ita. Buba ya yi ta gunaguni, amma 'ya'yansa suka yi gaba da shanu, shi ya tsaya kwana goma ana duba shi har awon ya sauko. Aka haɗa masa ƙwayoyin watanni, aka ja masa kunne: ko ciwon kai ya tafi ba a dainawa, wannan magani abokin zama ne har ƙarshen rai. Sauran askin kuwa a inuwar gidan likitan aka ƙarasa shi. Ranar da Buba zai bi shanunsa bai zo sallama ba.

Daminar nan ta yi wa Mani tsawo. Ya san halin mutanenmu, da an ji sauƙi sai a jefa magani ƙasan jaka, ko a raba wa maƙwabci mai ciwon kai don zumunci. Ya san kuma mutumin ya tafi da fushinsa. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, garkuna suka fara gangarowa cin kara. Kasuwa ta ci sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ba Buba. Sai wani dillali ya zo da labarin wani dattijon makiyayi da ya faɗi a bakin rijiya can sama, ɓarin jikinsa ya shanye, bai kai kwana biyu ba. Bai san sunansa ba. Ranar Mani ya koma gida ya kasa cin tuwo, Hawwa'u ta tura masa ƙwaryar da hannunta mai lafiya, ya tura mata ita baya.

Kasuwa ta huɗu yana sunkuye yana wasa aska sai wani abu ya faɗo kan tabarma a gabansa. 'Yar jakar fata ce, bakinta ya buɗe, fankon katin ƙwayoyi suka zubo, an ɗaure su da zare, kowane gurbi a huje.

"Ƙirga, bawan gidanmu. Na san Ba'are ba ya yarda sai ya gani."

Mani ya ɗaga kai. Buba ne, ya rame, ya yi baƙi, tsaye a kan ƙafafunsa biyu, sanda a kafaɗa, hannuwa biyu rataye a kanta.

"Sun ƙare min ana saura kwana ashirin, sai da ni yi wuni guda bisa jaki kahin in samu inda aka saida su. Taba na rage, ban bari ba, kak ka soma min wa'azi." Ya zauna, ya naɗe hannun riga da kansa, ya miƙo.

Mani ya ɗaura. Na'ura ta kumbura ta sace. Ya duba, ya goge ido da bayan hannu, ya sake dubawa.

"Nawa?" in ji Buba.

"Goma sha huɗu."

"To, da kyau ko ba kyau?"

Murna ce ta lulluɓe Mani, da wani baƙin ciki tsoho da ya taso tare da ita, don ya ga da idonsa yadda abin yake da sauƙi in an tare shi da wuri. Ya sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga kan tabarma, dattijo ɗan shekara sittin da 'yan kai a tsakiyar kasuwa.

Buba bai ƙara tambaya ba. Ya juya fuska wajen turken shanu kamar mai kallon ciniki, hannunsa yana nan miƙe cikin abin awo, ya bar shi har ya gama.